Ƙwallona kullum dama yake gudu, safar hannu kuma sai hujewa: laifin riƙo ne?

"Salam Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaci ne a nan Gombe, wata biyar kenan da na fara buga golf, ogana ne ya bar mini tsofaffin sandunansa da aka mishi canjin wurin aiki. Matsalata duk bugun da na yi da doguwar sanda sai ƙwallon ya tashi kamar abin arziki sannan ya lanƙwashe ya yi dama ya faɗa ciyawa. Safar hannu kuma ta uku kenan nake saya, duk a tafin hannu suke hujewa, ga bororo a babban yatsa. Wani ya ce riƙona ne ba daidai ba, wani ya ce tsayuwata ce. Don Allah ya ake riƙe sandar nan?"

Amin wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Abu uku ka kawo, ƙwallo na gudu dama, safa na hujewa a tafi, ga bororo, kai kana ganin matsala uku ce ni kuwa da na karanta abu ɗaya na gani. Wanda ya ce maka riƙo ne ya fi kusa da gaskiya. Safar hannu ba ta ƙarya, inda ta huje nan sandar take zama tana goga, kuma sandar golf ba a tsakiyar tafin hannu ya kamata ta zauna ba.

Ni da ɗaukar jaka na fara a Jos ina yaro, ina bin masu wasa ina miƙa musu sanda, yanzu kuma a nan Bauchi nake koyar da masu farawa, to cikin shekarun nan abin da na lura da shi shi ne mu hannunmu ya riga ya yi makaranta kafin ya zo wasan nan. Fartanya, gatari, taɓarya, gorar kiwo, kan babur, duk damƙa ake musu da tafi a matse, ko wanda ya girma a GRA bai taɓa noma ba in ka miƙa mishi sanda haka zai cafke ta kamar zai kashe maciji. A gona wannan riƙon daidai ne don ƙarfi ake nema. A golf kuwa gudu ake nema da saiti, kuma duka biyun daga wuyan hannu suke fitowa, shi kuma wuyan hannu in ka cusa sandar cikin tafi ka matse ya kulle kenan.

Me ya sa ƙwallon yake yin dama

Duk jikinka hannu ne kawai yake taɓa sandar, saboda haka duk inda hannu ya juya can fuskar sandar, wato gefen kanta da yake dukan ƙwallo, za ta kalla. Kan direba, wato doguwar sandar da kake magana, yana zuwa wa ƙwallo da gudun da ya wuce kilomita 130 a awa ko a hannun wanda ba ƙwararre ba, kuma haɗuwarsu ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Ka ga babu zancen wai za ka gyara a lokacin bugu. Abin da ka saita tun kafin ka ɗaga sandar shi zai dawo maka.

Idan fuskar ta zo a buɗe, tana kallon dama fiye da hanyar da sandar take bi, sai ta shafi ƙwallon maimakon ta dake shi kai tsaye, ya tashi yana juyi a karkace, iska kuma ta ja shi dama. Shi ne silais ɗin da kake ji ana faɗa a fili. Abin haushin ma shi ne maganin da mutum yake wa kansa, ya ga ƙwallo na yin dama sai ya juya jikinsa ya saiti hagu, to sai sandar ta ƙara yanko ƙwallon daga waje zuwa ciki, lanƙwasar ta ƙaru. Mai yiwuwa abin da abokinka na biyu ya gani kenan ya ce tsayuwa ce. Bai yi ƙarya ba, amma tsayuwar daga baya ta lalace, riƙon ne ya haife ta.

Hannun hagu

Zan yi maganar a kan kai na-dama ne, in bahago ne kai sai ka juya komai. Hannun hagu shi ne a sama, shi ake sa wa safa, kuma shi ne kusan duk aikin, in ya zauna daidai na dama bin sa kawai yake.

Ka tuna yadda kake ɗaukar bokitin ruwa. Mariƙin ba a tafi yake kwanciya ba, a cikin yatsu yake rataye. To haka. Ka tsaya ka saki hannun hagu a gefenka yadda yake so, ka jingina sandar a gefen ƙafarka kanta na ƙasa, sai ka bar robar mariƙin sandar ta kwanta a gicciye daga gindin ƙaramin yatsa ta gangaro zuwa gaɓar tsakiya ta manuniya. Ka naɗe yatsu tukuna, sannan ka kifo hannun a kai. Wannan tudun naman da ke ƙasan ƙaramin yatsa, ta gefen wuyan hannu, dole ya hau KAN robar, ba gefenta ba. Nan ne mutum tara cikin goma da suke zuwa wurina suke kuskure a ganina, kuma nan ne safarka take hujewa, don idan tudun bai danne sandar ba tana motsi a kowane bugu tana cin fatar.

Ga gwajin da nake wa kowa ranar farko. Ka riƙe da hagu kaɗai, ka ɗago sandar a gabanka, sai ka saki yatsu uku na ƙarshe da babban yatsa, ya rage manuniya a ƙasa tudun nan a sama. In sandar ta tsaya ba ta faɗi ba riƙonka ya zauna. In ta suɓuce to a tafi take. Ka yi shi a tsakar gida ba kusa da talabijin ba.

Babban yatsa kuma kar ka miƙe shi tsakiyar robar kana dannawa kamar mai dangwala a rumfar zaɓe, bororon nan naka daga nan yake. Ya kwanta ɗan dama kaɗan da tsakiya, a ɗan janye, yana manne da gindin manuniya. Sannan ka bar ƙarshen robar ya leƙo kamar faɗin yatsa ɗaya a bayan hannunka. Masu son nisa suna kamawa a can ƙurewa wai sandar ta ƙara tsawo, abin da suke samu kawai rawar sanda ne da ramin safa.

Yanzu ka ajiye kan sandar a ƙasa ka duba hannun ba tare da ka karkata kai ba. Ƙasusuwan nan na bayan hannu, inda yatsu suka tsiro, guda nawa kake gani? Biyu ko biyu da rabi ake so. Ina kyautata zaton kai ɗaya kake gani, ko ma babu. Sannan tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, mai kama da harafin V, ta nuna wajen kafaɗarka ta dama, ba haɓarka ba balle kafaɗar hagu.

Na dama, da yadda ake haɗa su

Shi ma a yatsu, musamman na tsakiya da na zobe. Ka kawo shi ta gefe kamar za ka gaisa da sandar, tafin na kallon inda kake son ƙwallon ya je, sai kwarin tafin ya rufe babban yatsan hagu ruf kar a gan shi. Manuniya ta ɗan ware kaɗan ta lanƙwashe kamar mai shirin harba bindiga, babban yatsa ya kwanta ta gefen hagu na robar. V ɗinsa ya bi na hagu, su kalli wuri ɗaya. Kuskure biyu nake yawan gani a nan, wani ya ɗora hannun a saman sandar sosai, wannan yana ƙara buɗe fuska, wani kuma ya tura shi ƙasa tafi na kallon sama kamar mai karɓar sadaka, shi kuma ƙwallonsa hagu zai dinga nutsewa.

Haɗa hannun biyu iri uku ne kuma mutane suna ɓata lokaci a kai fiye da yadda ya kamata. Akwai wanda ƙaramin yatsan dama yake hawa kan tsagar da ke tsakanin manuniya da na tsakiyar hagu, ana kiransa riƙon Vardon, da sunan Harry Vardon wanda ya ci gasar Open ta Birtaniya sau 6 tsakanin 1896 da 1914, duk da wani ɗan Sikotlan Johnny Laidlay ya riga shi amfani da shi. Akwai na sarƙe, ƙaramin yatsan dama ya sarƙe da manuniyar hagu, shi Jack Nicklaus ya ci manyan gasanni 18 da shi, Tiger Woods ya ci 15, Rory McIlroy ma shi yake yi. Sai na yatsu goma, duk suna kan robar, hannu na manne da hannu. Mai dogayen yatsu yakan ji daɗin na farko, mai gajeru na biyu, yara da dattawa masu ciwon gaɓoɓi da mata da yawa ina barinsu a na uku kuma babu abin kunya a ciki. Abin da ban yarda da shi ba kawai shi ne rata tsakanin hannun biyu. In ka zaɓi na sarƙe kuma kar ka cusa yatsun har gindi, hakan yana tura sandar ta koma tafi, mun dawo gidan jiya kenan.

Af, in kana sa zoben azurfa mai dutse ka cire ka sa a aljihun jaka kafin ka fara. Yana cin roba yana cin yatsa.

"Mai ƙarfi" da "mai rauni"

A fili za ka ji ana cewa riƙon wane mai ƙarfi ne na wane mai rauni ne, kalmomin nan sun ruɗa mutane ba kaɗan ba. Wani Alhaji da na koyar an ce mishi ya ƙara wa riƙonsa ƙarfi sai ya je ya dinga matse sandar har jijiyoyin wuyansa suna tashi, sati biyu yana haka. Ba matsi ake nufi ba sam, juyi ake nufi. In ka juya hannun biyu dama kana ganin ƙasusuwa uku ko huɗu shi ne mai ƙarfi, yana rufe fuska yana kai ƙwallo hagu. In ka juya su hagu kana ganin ɗaya shi ne mai rauni, yana barin fuska a buɗe.

Kai naka kusan tabbas mai rauni ne, don haka ni zan ce ka fara da uku ma, ba biyu ba. In ƙwallon ya fara lanƙwasa hagu ka yi murna, sai mu rage kaɗan kaɗan. Gyaran mai huk, wato mai ƙwallon da ke lanƙwasa hagu, ya fi gyaran mai silais sauƙi nesa ba kusa ba. Kuma kar ka ji tsoro wai ba haka littafi ya ce ba, Zach Johnson da riƙo mai ƙarfi sosai ya ci gasar Masters a 2007 ya ci Open a 2015. Sannan ka yi hattara da bidiyon YouTube masu koyar da riƙon Ben Hogan. Hogan gwani ne na gaske, manyan gasanni 9 ya ci, amma shi ciwonsa huk ne, shekaru yana fama da ƙwallo mai gudu hagu, shi ya sa ya raunana riƙonsa. Kai mai silais in ka kwaikwaye shi kamar mai hawan jini ne ya sha maganin wanda jininsa ya yi ƙasa.

Matsi

Ka taɓa tsayawa ka kalli hannun mai kalangu? Ɗan sandan kiɗan nan ba damƙe shi yake ba, yatsu ne suke riƙe da shi wuyan hannu na wasa, shi ya sa yake iya kwana yana kiɗa. Kafinta da guduma ma haka. Abin da nake so ka ji kenan, yatsu uku na ƙarshe na hagu su riƙe da kyau yadda in na fizgi sandar ba za ta fita ba, amma in na kama kanta na jujjuya wuyan hannunka ya bi ni ba gardama. Yatsu a riƙe, damtse da kafaɗa a sake.

Ban cika son in ce wa mutum "sassauta" kawai ba, don wasu sai su sake da yawa, a can sama yatsun hagu su buɗe sandar ta yi lilo, sannan su sake cafkewa in za su sauko, fuskar ta riga ta juya. Wannan ma yana huda safa. Ka sa ɗan guntun kara ko tii, ɗan tsinken nan da ake ɗora ƙwallo a kai, tsakanin tudun hannun hagu da robar ka yi lilo, in ya faɗi kana saki a sama. Kuma wanda sandar ke tafinsa dole ya matse don ba abin da ya tokare ta, da ta koma yatsu za ka ga matsin ya ragu da kansa ba sai an ce maka ba.

Duba robar kanta

Ka ce tsofaffin sanduna ne, to wannan kar ka tsallake shi. Yawancin sandunan da ke hannun mutanenmu gwanjo ne, wasu robar da aka ƙero su da ita ce har yau, ta sha zafin but ɗin mota na watan Maris da Afrilu ta sha ƙurar hunturu ta bushe ta yi sulɓi tana ƙyalli kamar tayar da ta cinye. Roba mai sulɓi ko waye kai sai ka matse ta, hannu ne da kansa yake jin tsoron kar ta kuɓuce. Ka fara wanke su da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshi ka shanya a inuwa, wani lokacin wanki kaɗai yana dawo da su. In ka danna farce ka ji tauri kamar roban bokiti ko ka ga tsagewa to ta mutu. Masu yin su suna cewa a canja duk shekara ko bayan zagayen fili kamar sau 40, mu nan kam aljihu ne yake yanke hukunci, amma ko uku ka canja, direba da ayon 7, wato sandar ƙarfe mai lamba 7, da wadda kake buga na kusa da ita. Masu zuwa Abuja ko Jos ake ba wa saƙo, ko ka saya ta intanet.

Kauri ma akwai magana. Ka riƙe da hagu, yatsan tsakiya da na zobe su ɗan taɓa naman gindin babban yatsa. In suna nutsewa ciki robar ta yi maka siriri, in akwai rata ta yi kauri, kuma mai kauri da yawa takan hana hannu juyowa ta ƙara maka silais. Ogan naka in ƙaton hannu gare shi wataƙila ka gaji robar da ba taka ba.

Da hunturu kuma kar ka shafa basilin ko man kaɗanya ka fito fili, na san hannu na tsagewa, ka shafa da dare. Da bazara ka rataya ɗan tawul a jaka, in da hali safa biyu kana musanyawa, kuma ka daina dunƙule jiƙaƙƙiyar safa kana cusawa a aljihun jaka, gobe za ka same ta kamar kilishi.

Duk bayanin nan ban da fota, sandar da ake gangara ƙwallo cikin rami da ita. Ita kam a tafi ake riƙe ta da gangan don ba a son wuyan hannu ya motsa, ko a kan ciyawa kake ko a kan burawun ɗin yashi irin na filayenmu da yawa na arewa.

Yadda za ka sauya

Gaskiyar da zan faɗa maka ita ce sabon riƙon ba zai yi maka daɗi ba, za ka ji kamar hannun wani aka ara maka, kuma kwanakin farko bugunka zai iya fin na da muni. A nan mutane suke komawa ruwa. Sai su saita daidai, suna dab da ɗaga sanda yatsu su yi ɗan motsi su koma tsohon wuri ba su ma sani ba, ina tsaye ina kallo, in na faɗa su rantse ba su motsa ba.

Saboda haka a gida ake koyon riƙo ba a fili ba. Ka ajiye ayon 7 kusa da inda kake zama, bayan isha'i kana jin labarai ka ɗauka ka riƙe ka saki, ka riƙe ka saki, sau ashirin ko talatin, kullum. Ka dinga riƙewa sandar na sama a gabanka kana ganin fuskarta a miƙe, sannan ka sauke, in ka kama ta tana ƙasa ne take zamewa tafi. Ka ɗauki biro ka ɗiga alama a kan ƙasusuwa ukun farko na safar, in ka duba ba ka ga ɗigo uku ba kar ka buga. A fili kuma ka bar direba a jaka na sati biyu, na san da wuya, ka ɗora ƙwallo a tii kana rabin bugu da ayon 7 har ka ga ya fara tafiya a miƙe ko yana ɗan karkata hagu. Yawancin waɗanda na koyar sati uku zuwa wata ɗaya suke yi kafin hannu ya daina gardama, kai da wata biyar kawai ka yi naka ba zai yi taurin na wanda ya shekara goma ba. Ranar da za ku yi wasan gasa da abokai ba ranar gwaji ba ce.

Iyakar abin da rubutu zai iya kenan amma. Riƙo yana gyara fuska, ba ya gyara hanyar da sandar take bi, to in ka yi wata guda sai ka ga ƙwallon ya daina lanƙwasa amma yana tafiya hagu a miƙe, kar ka taɓa riƙon, ya yi aikinsa, saura mu dawo da kafaɗu da ƙafafun da ka saba juyawa hagu, nan maganar abokinka na biyu za ta shigo, kuma wannan sai an ga mutum. Bororo zai warke ya zama kanta, kantar da ke gindin yatsun hagu alama ce mai kyau, amma in ciwo ne a cikin wuyan hannu ko gwiwar hannu da ya ƙi tafiya ka ajiye sanda ka ga likitan ƙashi, ba aikina ba ne. Ka sa wani ya ɗauke ka a waya, ɗaya yana gabanka yana kallon hannunka ɗaya yana bayanka yana kallon inda ka saita, ka turo tare da hoton tsohuwar safar ta gefen tafi. In kuma hanya ta biyo da kai Bauchi ranar Asabar ka taho da ayon 7 ɗin, da safe kafin rana ta yi zafi.